Maƙwabcina na Hagu

Da hannun dama nake rubuta wannan, kuma gara in faɗa tun da wuri, ban nemi shawarar na hagu ba. Yana nan kan cinyata yana wasa da bakin riga. Shekaru da yawa ke nan muna zaman maƙwabtaka da shi, ba faɗa, ba kuma wata doguwar hira. Yanzu tsufa ya kama mu tare, ya yi sanyi, amma da can sai da ya kusa raba ni da abin da na fi so a gidanmu, wato cin tuwo a cikin 'yan'uwana.

A zamanin Turawa na shiga soja, na bar mata da goyo, aka kai mu yaƙin Bama, can bayan teku. Ba labarin yaƙi zan bayar ba, don ni kaina ban ga ƙarshensa ba. Wata rana da hantsi wani abu ya fashe kusa da mu, guntun ƙarfe ya shige mini tsakar ka, sai farkawa na yi a asibitin soja da kai naɗe da farin ƙyalle. Likitan da ya yi mini aiki Bature ne mai jan gashi, ba ya jin ko zo in kashe ka da Hausa. Wani saje mutumin ƙasar Katagum ne ya tsaya mana tafinta.

Likitan ya ce ƙwaƙwalwar mutum ɓari biyu ce, kamar goro. Ɓarin dama shi ke mulkin hannun hagu, ɓarin hagu kuma shi ke da hannun dama, kuma a wajensa baki yake. Tsakaninsu akwai wata jijiya mai faɗi da suke aika wa juna saƙo ta kanta. A nan ƙarfen ya je ya zauna, kuma bai fitu ba sai da wuƙa ta ci wurin. Sajen ya ga na yi sororo, sai ya ce, "Kai ba ɗan Haɗeja ba ne? Gari biyu ne, kogi a tsakani, damina ta cika shi, jirgin fito ya nitse. Kowa yana nan lafiya a garinsa, labari ne dai ba ya ƙetarawa." Na ce to, Allah ya kyauta, na koma barcina. Na ɗauka irin surutun likitoci ne kawai.

Da aka sallame mu, jirgin ƙasa ya sauke ni a Malam Madori, Yayana ya zo tarona da jakuna. A tashar nan maƙwabcin nawa ya fara nuna hali. Na so in shiga Haɗeja tsaf cikin kakina, da igiyoyina na kofur a hannun riga, mutane su san an je an dawo. Ina sa maɓalli da hannun dama, na hagu yana biye yana ɓallewa. Na kai wuya, na duba, sai ga ƙirjina a buɗe. Na sake, ya sake. Yaya yana tsaye riƙe da igiyar jaki yana kallon ikon Allah, can ya ce, "Zafi kake ji ne?" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Ƙwarai kuwa, garin akwai zafi." Alhali safiya ce mai sanyi, har haƙorana suna haɗuwa.

Daga baya na gane cewa bakina ba ya yarda ya ce bai sani ba. Duk abin da hannun nan ya aikata, sai baki ya yi wuf ya ƙago masa dalili, ni kaina kuma in yarda. In ya cire mini hula, sai in ji na ce kaina ke ƙaiƙayi. In ya ture ƙofar da na jawo, sai in ce ai iska nake so ta shigo. Ba ƙarya nake nufin yi ba, Allah shi ne shaida. Ɓarin da ke da baki ne ba a kawo masa labari ba, shi kuma ba ya son a ce ana wani abu a gidansa bai sani ba.

Gidanmu babba ne, a gindin ganuwa ta wajen kogi. Tun rasuwar mahaifinmu, ƙaninsa, Baffa, shi ne babba, tsoho mai ƙarancin magana, in ya ɗaga ido har awaki sukan natsu. Sai Yaya, sai ni, sai ƙannenmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan goggona, kuma a nan Allah ya ajiye mini jarrabata, wato ɗanta, taubashina. Siriri ne, baki kamar reza, kuma da yake wasan taubasai ya ba shi dama, ba abin da ba ya gaya mini. Shi ya raɗa wa hannun suna Maƙwabci. In mun haɗu da safe sai ya ce, "Kofur, ina kwana?" sannan ya sunkuya ya dubi hannuna na hagu cikin ladabi, "Maƙwabci, an tashi lafiya? Yaya haƙuri da wannan mutumin?"

Shi ne kuma ya ƙago wasan da ya zama abin nishaɗin unguwa. Sai ya sa in mayar da hannun hagu baya, ya ɗora mini wani abu a tafi, ya ce in faɗi ko mene ne. Yatsun suna juya abin, suna shafa shi, amma ni mai magana ban san komai ba. Ya sa mini albasa na ce dutse ne. Ya sa mini ludayi na ce igiya. Da an mayar da abin hannun dama kuwa, ko ido a rufe, nan take zan faɗa. Abin mamaki, in ya zube tarkace a tabarma ya ce Maƙwabci ya nuna abin da aka ba shi, sai hannun ya tafi kai tsaye ya ɗauko albasar nan. Ya sani sarai, bakin faɗa ne ba shi da shi. Ranar da ya sa mini kwaɗo mai rai daga fadama, hannun ya yi jifa da shi, tsigar jikina ta tashi, ana tambayata me ya faru na ce wani abu na tuna. Har Baffa sai da ya yi murmushi ranar.

Tsofaffin mata suka ce iska na kwaso a dajin Bama. Aka yi mini rubutu na sha, aka yi turare na shaƙa har na yi tari. Limamin unguwa ya zo ya zauna ya kalli yadda nake alwala da salla, ya ga hannun yana bin komai daidai, ya ce shi bai ga aljani a nan ba, aljani ba ya son salla haka. Ya ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, in yi haƙuri. Matata kuwa dariya kawai take yi, musamman da safe in ina ɗaure zariyar wando ana kwance mini. Ita ta koya mini ƙullin da hannu ɗaya ba ya iya kwancewa.

Duk wannan da sauƙi. Inda abin ya ɓaci a wajen ciyayya ne. A gidanmu, da an idar da sallar magariba, akan shimfiɗa tabarmin kaba a ƙofar zaure, kowane sashe ya fito da tuwonsa, a juye a babban akushin Baffa, baƙi wuluk, mazan gida su kewaye shi. Yara suna da nasu kwanon a gefe. A nan ake jin wanda ruwa ya ci gonarsa, da wanda shanu suka shigar wa shinkafa, da wanda ke neman aure a ɓoye. A can Bama, in ina tauna busasshen biskit cikin ruwan sama, ba matata nake tunawa ba, Allah ya yafe mini, akushin nan nake tunawa.

Kwanakin farko na riƙa zama a kan hannun, in danne shi da cinya, in ci da sauri. Sai wata rana surukin Yaya ya zo daga Auyo, dattijo mai furfura, aka yi tuwon shinkafa da miyar kuka da ƙatuwar tarwaɗa. Hira ta yi daɗi, na saki jiki ina ba da labarin giwayen Bama, garin kwatanta girman haure na ɗaga cinya. Ban ankara ba sai na ji kowa ya yi tsit. Na duba, ga hannuna na hagu tsundum cikin miya har wuyan hannu, ya damƙo kan kifin da aka tura gaban baƙo, yana nufo bakina da shi.

Ba sai na gaya wa kowa abin da wannan ke nufi ba. Hannun tsarki, wanda ko allura ba a miƙa wa mutum da shi, yau ga shi cikin abincin jama'a. Baƙon ya janye hannunsa a hankali ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Ƙannena suka sunkuyar da kai. Taubashina, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ko tari bai yi ba, kuma shirun nan nasa ya fi komai yi mini ciwo. Bakina kuma, don ya ƙarasa ni, sai ya ce, "Ƙaya na gani zan cire wa baƙo." Na tashi na shige cikin gida, miya tana ɗiga daga yatsuna.

Ba wanda ya kore ni. Washegari Yaya ya aiko a kira ni, na ce cikina ke ciwo. Rana ta gaba ma haka, har suka gaji suka ƙyale ni. Damina ta sauka, kogi ya cika ya malala fadama, aka yi shuka, aka yi noma, ruwa ya fara ja, duk ina cin tuwona ni kaɗai a ɗaki kamar mai jego. Ina jin dariyarsu tana shigowa ta zaure. An ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi, to ni na ga gaskiyar maganar nan, don miyar matata ba ta canja ba amma ta daina yi mini ɗanɗano. Na rame, na zama mafaɗaci, har kajin gida sun san takuna. Na yi kewar mutanen nan ƙwarai, ga su kuwa taku kaɗan ne tsakanina da su.

Ba wai ban yi dabara ba. A ɗaki na gwada ba hannun carbi ya riƙe, ya tsoma carbin a miya. Na ba shi dutse, ya ajiye dutsen a hankali ya nufi kwano. Na sa matata ta ɗaure shi da rawani a ƙuguna, ya yi ta fizge-fizge har na ƙware. Na taɓa daka masa tsawa irin ta fareti, na mare shi da na dama, matata ta leƙo ta ce, "Malam, in kun gama damben ga ruwa nan."

Da rani ya yi, ruwa ya janye ya bar tafkuna a fadama, aka sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, a wani babban tafki gabas da gari. Taubashina ya zo da sassafe da goruna da komaye, ya tsaya a tsakar gida ya ce shi ba wajena ya zo ba, Maƙwabci ya zo gayyata, in ina so in raka shi. Na ce ba ni zuwa in nitse a gaban mutane. Ya ce ruwan iya ƙirji ne, kuma ko na nitse ba asara, kifaye ma su samu kofur. Haushi ya sa na bi shi.

Mai su da koma yana kwanciya ne rub da ciki a kan gora, koma ɗaya a kowane hannu, ya buɗe su cikin ruwa ya haɗe bakinsu a kan kifi, kuma in hannu ɗaya ya riga ɗaya, kifin ya tafi. Na hau goran. Sarkin ruwa ya ba da izini, jama'a suka afka cikin tafkin, tsuntsayen ruwa, ɗinya da kirinjijiya, suka tashi sama suna kuka. Sai kawai na ji hannuwana sun buɗe tare sun rufe tare, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Aiki ne da suka koya tun ina yaro, ba su bukatar aika wa juna saƙo, kowa ya san nasa. Na cika gorana da karfasa da kurungu. Taubashina ya taso da laka har gira yana ihu, "Jama'a ku shaida, Maƙwabci ne ya kama, Kofur ɗan rakiya ne!" Rabona da dariya irin ta ranar har na manta.

Na ba matata labari tana gyara kifin, sai ta ajiye wuƙar. Can ta ce, "Malam, ni fa ina ganin hannun nan ba rashin kunya ke damunsa ba. Shi ma yana ganin tuwon, shi ma cikinsa ne. Ba wanda ya gaya masa an riga an aiki ɗan'uwansa. Carbi da dutse ba su ne a gabansa ba, kwanon yake so. To a ba shi kwanon mana." Da ta kawo abinci, ta kama hannun ta ɗora yatsunsa a bakin kwanon. Ya riƙe gam, kamar an ba shi amana, na ci na ƙoshi bai motsa ba. Muka sake gwadawa da tuwo, muka gwada da dambu, duk haka.

Murnata ba ta daɗe ba, don na tuna wanda ke riƙe akushi a zaure. In yaro ya tasa aka fara yarda ya ci da manya, shi ke dafe bakin akushi da hannun hagu, kansa a sunkuye, ba ya taɓa nama, ba ya saki sai manya sun tsame hannu. Magidanci ba ya riƙewa. Ni da na ƙetare teku, na yi wa ƙarti fareti, ga ɗa ga mata, in je in zauna gaban ƙannena in dafe akushi kamar wanda aka yi wa kaciya bara? Ga kuma taubashina, wanda zai samu abin tsokana har ranar da za a binne ɗayanmu. Na ce ba za ta saɓu ba, bindiga a ruwa.

Matata ba ta yi musu da ni ba, ba halinta ba ne. Sai dai na ji tana daka tana gaya wa turmi cewa girman kai rawanin tsiya ne. Da magariba na dawo daga masallaci, na zauna a ɗaki ina jiran kwanona, shiru. Na yi tari, shiru. Na leƙa na ce ina abincina. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Au, ai na haɗa da na zaure, an fita da shi. Ko loma ban rage ba." Na duba tukunya, har ta jiƙa ta da ruwa. Na tsaya a tsakar gida ina huci, ƙanshin miyar kifi yana dukan hancina, cikina yana ƙugi.

Na fita. Suna zaune sun kewaye akushi, an wanke hannu, ba a fara ba. Hira ta tsaya. Yaya ya matsa ya buɗe mini wuri ba tare da ya dube ni ba, kamar jiya ma a nan na zauna. Na yi sallama, na wanke hannu, na zauna. Sannan na kama hannun hagu da na dama, na ɗora shi a bakin akushin a gaban kowa, na sunkuyar da kai. Kunnuwana suka yi zafi. Daga wajen kwanon yara na ji wani ya ƙyalƙyale da dariya an toshe masa baki. Na saci kallon taubashina, na ga leɓensa yana rawa, maganar ta riga ta zo bakinsa.

Baffa ya dubi akushin, ya ɗan taɓa shi, ya ce, "Wurin nan ba daidai yake ba, akushin yana rawa." Akushin nan kuwa ko jaki ne ya shure shi ba zai motsa ba. Sai ya miƙa hannunsa na hagu, tsohon hannu mai jijiyoyi, ya dafe bakin akushin ta wajensa. Yaya ya dafe. Ƙannena suka dafe. Taubashina ya haɗiye maganarsa, ya ɗora nasa hannun kusa da nawa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Maƙwabci, matsa mini." Baffa ya ce bismillah.

Ban san a kan me aka yi hira ranar ba. Na ci tuwo hawaye yana gangarowa cikin gemuna, ba wanda ya ga dama ya gani, ni kuma ban share ba don hannuwan duka suna kan aiki. Farin ciki ne irin wanda ban yi ba ko ranar da aka ce za a mayar da mu gida. Aka cinye, aka suɗe, kowa ya ce alhamdulillahi ya janye hannunsa. Wani yaro ya zo ɗaukar akushi, ya ja, akushi ya ƙi tasowa. Hannuna na hagu yana nan riƙe da shi gam. Na ce masa ya saki, ya ƙi. Na sa na dama in ɓamɓare yatsun, ya ƙara damƙewa. Aka fashe da dariya, taubashina har da faɗuwa kan tabarma.

Baffa ya ɗaga wa yaron hannu. "Ƙyale shi," in ji shi. "Ya daɗe bai zo ba."